Karen Bango Da Karen Ƙofar Gida: Abin Da Iyaye Za Su Duba Kafin Su Ƙawata Ɗakin Yaro

Duk wanda ya ratsa kasuwar Potiskum a 'yan shekarun nan, ya bi ta wajen masu sayar da zannuwan gado da labule da jakunkunan 'yan makaranta, ba zai rasa ganin wani baƙo da ya shigo ba sallama ba. Baƙon nan kuwa shi ne kare. Ga shi nan a jikin zanen gado yana dariya, ga shi a jikin matashin kai da hular 'yan sanda, ga shi kuma a takardun da ake liƙawa a bango. Daga Potiskum kayan nan suke bin 'yan cin kasuwa zuwa Sabon Garin Nangere da Tikau da Degubi da Dazigau da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Nangere ta Jihar Yobe.

A da, in uwa ta sayi zanen gado, launinsa da ƙwarinsa take dubawa. Yanzu kuwa yaro ɗan shekara uku ko huɗu shi ke nuna wanda yake so, domin ya riga ya san karen, ya ma san sunansa, tun da kullum yana ganinsa a talabijin ko a wayar mahaifinsa. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma ko ɗan kasuwa da Allah Ya hore wa gina gidan bulo mai ɗaki uku, ya kan ware guda domin yara, sai kuma maganar yi masa ado ta taso. A nan ne ake samun saɓani a gidaje da dama. Yaro na kuka sai an sa masa karensa, uwa na so ta faranta masa, kaka kuwa ta ce ba za a kori mala'iku daga gidan ɗanta tana raye ba. Kowannensu yana da hujja, amma akwai wata magana da ta fi duk waɗannan nauyi wadda ba a cika tunawa da ita ba, watau irin darasin da karen bango ke koya wa yaro game da karen da zai tarar a ƙofar gida.

ƊAKIN YARO BAƘON ABU NE

Bisa al'adar ƙasar Hausa da maƙwabtanta, yaro ba shi da ɗakin kansa. Yana kwana tare da uwarsa har a yaye shi, wajen shekara biyu, sa'an nan sau da yawa a kai shi wurin kaka. In namiji ne ya tasa, sai ya koma soro ko shago tare da sa'o'insa, mace kuwa ta zauna a cikin gida har ranar da za a kai ta nata ɗakin. Saboda haka adon ɗaki na amarya ne, shi ne jere: kwanoni da tasoshi da faya-fayai da aka shirya su sahu-sahu, da daɓe mai santsi, da bango da aka shafe da farar ƙasa.

Magina na Zariya da Kano sun shahara wajen zanen bango, amma abin da suka fi zanawa shi ne dagi da takobi da sauran zane-zane masu lanƙwasa. Da zamani ya zo suka ƙara da keke da mota da jirgin sama da agogo. Abu mai rai kuwa ba safai ake ganinsa a jikin bango ba. Dabbobin yara suna hannunsu ne a waje, domin yaro shi ke gina dokinsa da sansa da yumɓu a bakin tafki, yarinya kuma ta haɗa 'yar tsanarta da kara da tsumma. In abin ya fashe, gobe a gina wani. Ke nan keɓe wa yaro ɗaki, a kuma cika shi da surar dabba guda ɗaya tun daga labule har zuwa fitila, al'ada ce da ta zo daga Turai da Amurka, kuma tun da ta zo, ya kamata a san abin da ta taho da shi.

ASALIN KARNUKAN

Karnukan zane da yara ke so ba jiya aka fara su ba. Snoopy, farin karen nan mai baƙin kunne, wani mai zane Ba'amurke Charles Schulz ne ya fito da shi a jaridu a 1950. Scooby-Doo ya fara fitowa a talabijin ɗin Amurka a 1969. Waɗanda suka fi cika kasuwa a wannan zamani kuwa su ne 'yan kwikwiyon Paw Patrol, waɗanda aka fara nunawa a 2013. Abin lura shi ne, kamfanin Spin Master na ƙasar Kanada da ya shirya wasan, asalin sana'arsa ƙera kayan wasan yara ne. Watau dai wasan da kayan da ake sayarwa tafiyarsu ɗaya, yaro ya kalla, ya so, uba ya biya.

A cikin wasannin nan kare abokin yaro ne na ƙut da ƙut, yana magana, yana ceton mutane, ana rungumarsa, yana lasar fuska. A ƙasashen da aka tsara su wannan bai zama abin tsoro ainun ba, domin sun daɗe da shawo kan ciwon haukan kare. Ingila ta rabu da shi a cikin dabbobinta na ƙasa tun 1922, Amurka kuma ta ba da sanarwa a 2007 cewa ta kawar da irin wanda ke yawo tsakanin karnuka. Nijeriya ba ta kai wannan matsayi ba tukuna. Zanen gadon da aka buga domin yaron birnin Landan shi ne aka shimfiɗa wa yaron Nangere, alhali kuwa karnukan da za su gamu da su a titi ba iri ɗaya ba ne.

KARE A ƘASAR TIKAU

Ba wanda zai ce mutanen wannan yanki ba su san kare ba. Ƙasar masarautar Tikau ƙasa ce ta manoma da makiyaya, Karai-Karai da Fulani da Hausawa da sauran ƙabilu, masu noman gero da dawa da wake da gyaɗa, ga kuma babbar kasuwar shanu ta Potiskum a gefensu, wadda ake lissafa ta cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. A irin wannan wuri kare ma'aikaci ne. Shi ke kwana a bakin garke, shi ke sanar da mai gida in baƙon dare ya doso, shi kuma ke gaba in mafarauta sun fita daji bayan an kawar da amfanin gona. Hausawa da suka ce karen bana shi ke maganin zomon bana sun san darajarsa sarai. Amma wurinsa waje ne, ba ya hawa tabarma, ba ya kuma sa baki a ƙwaryar mutane.

Addinin Musulunci ma a kan wannan matsakaicin matsayi ya ajiye shi. Alƙur'ani mai girma ya ambaci karen Ashabul Kahfi da ya shimfiɗa ƙafafunsa a bakin kogo, ya kuma halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo. Hadisi ingantacce ya ba da labarin mutumin da Allah Ya gafarta masa saboda ya ɗebo ruwa a rijiya da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda kusan kowane ɗalibin zaure a Arewa ya karanta, ya nuna ba a ajiye kare a gida sai domin gona ko kiwo ko farauta. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sha ruwa a ciki sau bakwai domin bin umurni. Saboda haka jifan kare da yara ke yi don nishaɗi ba koyarwar addini ba ne, haka kuma kwana da shi a gado.

ABIN DA MALAMAI SUKA CE GAME DA SURA

Maganar kaka tana da tushe. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa mala'iku ba su shiga gidan da ke da kare ko sura, kuma ga shi a nan an haɗa biyun wuri guda, surar kare. Amma malaman fiƙihu sun yi wa mas'alar filla-filla. A wurin malaman Malikiyya, surar abu mai rai wadda ke da jiki da inuwa, cikakkiyar halitta, irin gunki, ita ce haramun. Wadda aka zana a shafe a jikin takarda ko zane ko bango makaruhi ce in an ɗaukaka ta, watau an rataye ta ko an kafa ta a sama. In kuwa a wurin da ake takawa ne ko ake zama a kai, kamar shimfiɗa ko matashi, to abin ya yi sauƙi, sai dai barinsa ya fi. Hujjarsu a nan ita ce labulen nan mai surori na Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi, sai ta yanka shi ta yi matasai da shi. Zanen itatuwa da duwatsu da duk abin da ba shi da rai kuwa ba laifi.

Kayan wasan yara an yi musu rangwame. An ruwaito cewa Nana A'isha tana da 'yan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta, an kuma ruwaito cewa matan Sahabbai su kan yi wa 'ya'yansu abin wasa da ulu domin su ɗauke musu hankali daga abinci ranar azumin Ashura. Akwai kuma malaman da suka tsananta, kamar Imam Nawawi na mazhabar Shafi'iyya, waɗanda suka hana surar mai rai ko da inuwa ko babu. Magidanci sai ya tuntuɓi malamin da ya amince da shi, ya kuma yi wa tsofaffin gida bayani cikin ladabi, kada labulen 'yan kuɗi kaɗan ya haɗa suruka da uwar miji. Gidajen Kirista na yankin ba su da wannan takura, amma maganar da ke tafe ta shafi kowa da kowa.

KAREN BANGO BA YA CIZO

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunsa, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin da ya sa abin ya fi faɗa wa yara a fili yake. Su ne ke zuwa kusa da kare ba tsoro, kuma saboda gajartarsu cizon ya kan same su a fuska ko wuya ko hannu. Ƙwayar cutar tana cikin yawun kare, tana bin jijiyoyi ne a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, don haka cizon da ya fi kusa da kai ya fi saurin yin ɓarna. Yawanci sai bayan wata biyu ko uku alamun ke bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Da zarar sun bayyana, yaro ya fara firgita yana tsoron ruwa, to kusan ba mai tashi.

Yaron da ya buɗe ido tun yana rarrafe ya ga kare yana yi masa murmushi a bango, ya kwana rungume da kare na auduga, ba zai gane da kansa cewa ɗan kwikwiyon da ya gani a bayan gida dabam yake ba. Kwikwiyo ma yana ɗauke da ciwon, kuma ba kowane kare mai ciwon ne ke hauka yana bin mutane ba. Wani sai ya yi laushi ya kwanta shiru, yawu na zuba, har ya ba yaro tausayi ya kai masa hannu. Abin da ya fi muni shi ne yaro ya ɓoye ɗan cizo ko yakushi don tsoron duka. Uban da ke dukan ɗansa saboda ya zo ya ce kare ya taɓa shi, ya koya masa yin shiru a ranar da shirun zai kashe shi.

Ciwon kuwa yana da rigakafi tun 6 ga Yuli 1885, ranar da Louis Pasteur na Faransa ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara tara, Joseph Meister, allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu. Abin da likitoci suka ce a yi ba shi da wuya. Da zarar kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi ko ya lashi wani rauni a jikinsa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, sa'an nan a garzaya asibiti a ranar domin a fara allura, a kuma cika adadin da likita ya faɗa. Kada a tsaya shafe-shafe ko jiran a ga abin da zai faru. Masu karnuka kuma su kai su wurin likitan dabbobi a yi musu allura, domin masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, ciwon ya kan daina yaɗuwa. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana cikin masu sarrafa allurar karnuka a ƙasar nan. Kowace ranar 28 ga Satumba duniya na tunawa da wannan ciwo, kuma hukumomin lafiya na duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan a daina mutuwa da shi.

FENTI, ƘURA DA SAURO

Bayan kare, shi kansa adon yana da abubuwan dubawa. Na farko fenti. Jama'ar Arewa ba su manta da abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010 ba, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Waccan daga dutsen zinariya ta fito, amma dalmar nan ita ce ake sa wa wasu fentin mai domin launi ya yi haske, musamman rawaya da ja, kuma binciken da aka yi a kan fentin da ake sayarwa a ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya, ya same ta da yawa a cikin wasunsu. Yaro ƙarami yana ɓantarar bango ya kai baki, dalma kuwa tana dakushe ƙwaƙwalwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan adadi nata da ba ya cutarwa. Fentin ruwa ya fi aminci a ɗakin yara, farar ƙasa ma ta wadatar. In an yi fenti, a bar tagogi a buɗe har warin ya fita sarai kafin yaro ya kwana a ciki.

Na biyu, karnukan auduga masu gashi matattarar ƙura ce, balle a lokacin hunturu da hazo ke rufe wannan yanki. Guda ɗaya da za a iya wankewa a shanya ya fi goma da aka jera a kan gado. A duba idanunsu da hancinsu, in na roba ne da aka manna, yaro ɗan ƙasa da shekara uku yana iya cirewa ya haɗiye. Masu haushi da batir ƙarami mai kama da maɓalli sun fi haɗari, domin batirin yana ƙona maƙogwaro in an haɗiye shi. Jariri kuwa ba a sa masa matashi ko abin wasa mai taushi a wurin kwanansa ko kaɗan, saboda toshe numfashi.

Na uku, duk adon da zai hana ɗaura gidan sauro ya zama ɓarna. Kafin a zaɓi wurin liƙa hoto, a fara kafa ƙusoshin da za a rataya gidan sauro mai magani, domin zazzaɓin cizon sauro ya fi kowane kare kashe yara a ƙasar nan.

YADDA ZA A RABA GARDAMA

Iyayen da suka ga lalle sai sun faranta wa yaro suna da hanyoyi masu sauƙi. Sawun ƙafar kare ba sura ba ne, ana iya yanka shi a jikin kwali a diddiga shi da fenti daga bakin ƙofa zuwa gado, yaro ya ji daɗi, kaka ma ba ta da abin cewa. In ana son karen kansa, a bar shi a shimfiɗar ƙasa ko matashin zama, inda hukuncinsa ya fi sauƙi. Bango kuwa a ba shi abin da yaro ya sani: kuka da giginya, rumbu, rijiya, gonar gero, wata da taurari. Potiskum gari ne na manyan motoci, ba a rasa masu zanen jikin mota da allunan shaguna da za su yi wannan aiki da kyau, sai dai a gaya musu kada su taɓa bangon ɗakin yara da fentin mota. Tela na unguwa ma zai iya ɗinka labule da rigar matashi da ragowar atamfa. Kada a kashe kuɗi mai yawa, domin yaron da ke kukan kare bana, baɗi mota ko ƙwallo zai ce yake so. Wanda kuma ba shi da ɗakin da zai ware, kusurwa guda da tabarma da kwandon kayan wasa ta isa.

Abin da ya fi duk wannan shi ne maganar da za a riƙa yi wa yaro a cikin ɗakin. Uwa ta mai da karen matashi allon karatu. Ta nuna masa ta ce wannan na wasa ne, na waje kuwa yana da haƙora. Ba a taɓa karen da ba a sani ba, ko da ƙarami ne. Ba a matsa wa kare in yana cin abinci ko yana barci ko karya tana tare da 'ya'yanta. Ba a jifansa, ba a kuma gudu in ya doso, sai a tsaya cik a sunkuyar da ido har ya wuce. In kuma ya taɓa ka, ko da ɗan yakushi ne, ka zo ka faɗa, ba mai dukanka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya ji wannan sau ɗari kafin ya shiga makaranta zai tashi yana tausayin kare yana kuma ba shi tazara, kamar yadda iyayensa makiyaya da mafarauta suka yi tun kaka da kakanni.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya tsare su daga sharrin abin da ke tafiya a ƙasa da wanda ke tashi a sama, amin.